Lissafin miƙewar sandar ƙarfe mai sifirin a Excel

Tambaya: Malam, ina karatun injiniya. An ba mu sandar ƙarfe mai tsawon mita 2 da kaurin milimita 20, an ɗaura sifirin a ƙarshenta, aka rataya mata nauyin niyuton 10,000. Taurin sifirin ɗin niyuton 500 ne a kowace milimita. Na saka a Excel, sai ya ba ni miƙewar sandar 0.0003. Ko manhajar ce ta samu matsala?

Amsa: Ƙanena, Excel lafiyarsa ƙalau. Ka rubuta tsawo da mita, sauran kuma da milimita, shi ya sa amsarka ta ragu sau dubu. Kwamfuta ba ta san mita ba, lamba kawai take gani.

Mayar da komai milimita. Tsawo 2,000. Faɗin bakin sandar, wato inda za ka gani in an yanke ta, PI()*20^2/4 ne, kusan murabba'in milimita 314. Taurin ƙarfen, wanda ake rubutawa da E, kusan niyuton 200,000 ne a kowace murabba'in milimita. Ka ninka nauyi da tsawo, ka raba da faɗi sau E, za ka samu milimita 0.318. Sifirin kuwa dokar Hooke ce kai tsaye, wato miƙewa ita ce nauyi raba tauri: 10,000 raba 500, milimita 20.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne yadda aka haɗa su. A naka, sifirin yana ƙarƙashin sanda, nauyin gaba ɗaya yana ratsa kowannensu, don haka sai a tara miƙewarsu: 20.32. Da a gefe da gefe suke, suna raba nauyin, tauri ake tarawa. Taurin sandar, wato faɗi sau E raba tsawo, 31,416 ne, a ƙara 500 na sifirin, a raba 10,000 da jimlar, sai a samu 0.313 kacal. Zane ɗaya ne ya bambanta waɗannan amsoshi biyu, don haka ka zana a takarda kafin ka taɓa madanni.

Ina kuma ba ka shawarar ka ba kowace lamba gidanta a Excel, ka rubuta ma'auninta a gidan da ke gefe. Ka ƙara gida ɗaya na nauyi raba faɗi. A nan kusan niyuton 32 ne a kowace murabba'in milimita, nesa da 250 da ƙarfe mai laushi ke fara miƙewar da ba ta komawa. In ya kusanci nan, wannan lissafin ya daina aiki.