Ba a tura kwantena a kan "zan nemo mai saye"

Tambaya: Shekara 12 ina shigo da kayan gyaran mota daga China. Kuɗin ƙasarmu ya faɗi, dala ta yi tsada, ciniki ya ja baya. Ɗan yayana da ke zaune a Vietnam ya ce in tura masa kwantena biyu na ɗanyen kashu, zai nemo mai saye, kuɗina su ninka cikin wata uku. Rabin jarina zan sa. Me kake gani?

Amsa: Alhaji, ka karanci kasuwa daidai. Idan kuɗin ƙasa ya karye, mai shigo da kaya yana biya da dala yana karɓar kuɗin da ke narkewa, mai fitarwa kuwa akasin haka. Vietnam ma ba kuskure ba ce, ita da Indiya ne manyan masu fasa kashu a duniya, kuma mafi yawan ɗanyen da suke saye daga waje yake zuwa.

Inda ka kauce shi ne kalmar "zai nemo". Ba ka da mai saye. Ɗan yaya kake da shi.

Kayan da suka isa tashar jirgin ruwa babu kwangila, masu saye sun san mai su a matse yake. Bayan 'yan kwanakin da ake bayarwa kyauta, kuɗin jinkirin kwantena yana hawa kullum, da dala. Sai su zuba maka ido. Na ga wani ɗan kasuwa da ya yi irin wannan da ƙanin matarsa. Kaya suka yi mako bakwai a tasha, danshi ya shige su, mai saye ya fasa samfuri ya ce ƙwayar ba ta kai ba, ya taya abin da ya ga dama. Kusan kashi ɗaya bisa uku na jarin ya tafi. Kuma yaron bai ci ko kwabo ba, rashin sani ne kawai. Har yau ba sa ga maciji.

Shin ɗan naka ya san yadda ake auna yawan ƙwaya mai kyau a buhu, ko iyakar danshin da ake karɓa? A kan waɗannan ake yanka farashi. Ya taɓa sayar da ko tan ɗaya? Zama a ƙasa daban, sanin harkar daban.

Batun ninki cikin wata uku kuwa, ka cire shi daga ranka. Ribar ɗanyen kaya siririya ce, ƙaramin motsin farashi yayin da jirgi ke kan teku ya isa ya cinye ta. Ga kuma gwamnatoci da ke rufe ƙofa don a sarrafa kaya a gida: Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2020, Jamhuriyar Benin ta hana fitar da ɗanyen kashu a 2024. Ka binciki dokar ƙasarku kafin ka sayi buhu ɗaya.

In har za ka shiga, kwantena ɗaya tak, da kuɗin da in sun salwanta shagonka ba zai rufe ba. A samo kamfani mai rajista da zai saya, a rubuta kwangila da farashi da inganci, kamfanin bincike mai zaman kansa ya duba kayan kafin lodi, biya kuma ta takardar lamunin banki, wato alkawarin bankin mai saye cewa zai biya ka. Kada takardar lodin jirgi, wadda da ita ake karɓar kaya a tasha, ta bar hannun banki sai kuɗi sun tabbata. Ɗan yayanka ka yanka masa la'ada a rubuce, aikinsa ya je ya ga masana'antar da idonsa ya turo maka rahoto.