Amsa ga Alhajin da ya tambayi yadda ake faɗin ranakun hutu da Faransanci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, na ji muryarka, ka ce za ka shigo Maraɗi da kaya, kana so ka iya tambayar ranar da ofisoshi ba sa aiki, kuma ka gane amsar da za a ba ka. To saurara, abin bai kai yadda kake jin tsoronsa ba.

Ka fara da "le", sai lambar rana, sai wata. Shi ke nan. Sha takwas ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar ta 1958, ka ce le dix-huit décembre, a baki kamar "lo dizwit desambur". Uku ga Agusta, ranar samun 'yancin kai a 1960, wadda ake dashen itatuwa, le trois août. Shi wannan Agustan ne ke wahalar da baƙi. A rubuce harafi huɗu ne, a baki "ut" kawai, wasu ma "u" suke cewa su wuce abinsu. Kada ka tsaya kana "a-wut".

Lambar kuwa ta ƙidaya ce zalla, biyu, uku, ashirin, ba "na biyu" ko "na uku" ba. Ɗaya ga wata ne kaɗai ya fita daban. Nan ba a cewa "un", sai premier. Ranar ma'aikata le premier mai, sabuwar shekara le premier janvier. A takarda za ka ga 1er, to shi ne. Sannan, Alhaji, kunnenka ya bambance juin da juillet, Yuni da Yuli ke nan, domin a waya suna rikita mutum. Na Yuli ne ke ƙarewa da "ye", kamar le quatorze juillet, bikin ƙasar Faransa.

Salloli kuma, ka san su ba su da tsayayyar rana a kalandar Bature, sai an ga wata. Don haka haddace kwanan wata ba zai amfane ka ba, tambaya za ka koya. Babbar salla a nan Tabaski ake ce mata, ƙaramar kuma fête de Ramadan, Mauludi Mouloud. Ka ce c'est quand la Tabaski, wato yaushe ne sallar layya. In kana son sanin ko ranar hutu ce a hukumance, c'est férié, "se feriye", ka ɗaga murya a ƙarshe. In ka ji kalmomin "du" da "au", misali du lundi au mercredi, daga Litinin zuwa Laraba ake nufi.

Ni a ganina kada ka wahalar da kanka da faɗin shekara yanzu, mille neuf cent soixante da sauransu, ba mai tambayarka wannan a kan iyaka. Ka riƙe lambobi ɗaya zuwa talatin da ɗaya da watanni goma sha biyu. Turo min su da muryarka a nan, in gyara maka inda ya karkace.