Filin Manoma: Tallafin da ake faɗa a rediyo, kuɗi ne ko taki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji, gonata kadada biyu, hatsi da wake nake yi. Bara an rubuta sunana cikin masu samun tallafi, na yi ta jira har aka gama maimai, ban ga ko dala ba. Maƙwabcina ya ce kuɗi ne ake turowa a waya. Haka ne? Yaya zan yi bana?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasiƙarka ta taɓa ni, don ni ma ɗan manomi ne, na san zafin ganin hatsi na yin rawaya babu taki a ɗaka.

Tallafin taki yawanci rangwame ne: gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin buhu, kai ka cika saura. Ba a hannunka ake zuba kuɗin ba. Da can CAIMA, hukumar gwamnati mai samar da kayan noma, ita ce ke shigo da taki tana sayarwa da sauƙi. A 2018 gwamnatin Nijar ta amince da sabon tsari, aka bar wa ƴan kasuwa shigowa da sayarwa, rangwamen kuma ya koma kan manoman da aka tantance, a ba su takardar karɓa su kai wa dillali. Mai yiwuwa saƙon waya irin na wannan rabo ne maƙwabcinka ya ɗauka kuɗi. Kada kuma ka haɗa tallafin taki da hatsi mai rangwame na OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, wannan na ci ne.

Rubuta suna kaɗai ba ya kawo buhu, domin takin ba ya isar duk masu nema, balle tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashi. Tun rani ka je wurin malamin gona na kwaminku da katin ɗan ƙasa, ka tambaya ko akwai rabo bana da ranar da za a rufe. In kana cikin ƙungiyar manoma, ku tafi tare. Ba a saurin mantawa da mutum ashirin. A ganina takin da ya iso bayan maimai bai cika sunan tallafi ba, kuma ku faɗi haka a taron ƙungiya ba tare da jin nauyi ba.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne kada shukarka ta jira kowa. Masu bincike na cibiyoyin binciken noma ICRISAT da INRAN sun daɗe suna koyar da sa taki ɗan kaɗan a rami lokacin shuka: giram 6 na takin zamani NPK 15-15-15, wato kamar cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP. In ramukanka 10,000 ne a kadada, kilo 20 na DAP ya ishe ka, buhu ɗaya mai kilo 50 ya rufe gonarka duka har da saura. Ka ɗan gauraya shi da ƙasa kafin iri ya sauka, kada ya ƙone shi, kuma sai ƙasa ta jiƙa sosai. Takin dabbobi ka kwashe shi zuwa gona tun watan Afrilu, ka fara da inda ƙasa ta fi gajiya, gindin gawo kuwa ka bar shi, ya riga ya samu nasa.

Ka rubuto mini bayan girbi in ji damma nawa ka ɗaure.