Amsa: Ina kuɗin UBEC suke tafiya, ga albashin malamai bai motsa ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake ta maganar biliyoyin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, amma malamin firamare a Tudun Wada ko Sabon Gari albashinsa bai kai shi ƙarshen wata. Ai aljihun ba ɗaya ba ne.

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Babban tallafin da jiha ke karɓa daga ciki na gina ajujuwa ne da kujeru da banɗaki, ba a biyan albashi da shi. Kuma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin a saki ko sisi daga wannan tallafin. Jihar da ta yi nawa, kuɗinta na nan kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a kan siminti, rufin kwano na yoyo da damina. Abin da ciwo wallahi.

Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta biya. Shi ya sa ko da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ma'aikatan jiha kan riga malaman firamare gani, kuma albashin mai takardar shaidar malanta ta NCE a wata jiha kan sha bamban da na takwaransa a maƙwabciyarta.

In gyaran makarantarku kuke nema, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a haɗa da hotuna da adadin ɗalibai aji-aji, a aika wa SUBEB kwafi a Kaduna. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.