Nisa, tazara da gusawa: amsa ga wata ɗaliba daga Jos

Wata ɗalibar sakandare daga Unguwar Rogo ta rubuto tana cewa malaminsu na fiziks ya koya musu cewa tsawon hanyar da abu ya bi daban ne, inda ya ƙare idan an kwatanta da inda ya taso kuma daban, amma da ta zo yi wa ƙanwarta bayani da Hausa sai ta ga kalmar “nisa” kaɗai ke zuwa bakinta. Tana tambaya ko Hausa ta bambanta su.

’Yata, Hausa tana da kalmomin, sai dai a zaɓa da kyau. Na farkon shi ne tsawon tafiya, wato duk ƙasar da ƙafa ta taka, har da kwana da kewaye. Na biyun kuwa wasu kan kira shi “tazara”, kuma sun yi kusa, domin tazara miƙaƙƙen rata ne tsakanin wurare biyu. Inda ta gaza shi ne ba ta nuna shiyya: tazarar Jos da Bukuru ɗaya ce ko daga wane ɓangare aka auna, alhali wanda ya tashi daga Jos zuwa Bukuru kudu ya yi, wanda ya taso daga can kuma arewa ya nufa. Saboda haka ni na fi son “gusawa”, tun da ba a cewa mutum ya gusa sai a ji ana neman sanin ina ya gusa, gaba ko baya.

A ce kin yi mita 300 gabas, sannan kika karya kwana kika yi mita 400 arewa. Tsawon tafiyarki mita 700 ne, amma gusawarki mita 500 ce kawai, wajen arewa maso gabas, bisa lissafin Fitagoras, wato ƙa’idar gano tsawon gefe mafi tsawo na alwatika mai kusurwar digiri 90. Mai tseren da ya zagaye filin tsere sau ɗaya kuwa ya yi tafiyar mita 400, ya yi gumi, amma gusawarsa sifiri ce, domin inda ya tashi nan ya tsaya.

Kin kuma tambaya ko akwai karin maganar da ta dace. Wadda ta fi kusa ita ce “Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo”, ko da yake Bahaushe gargaɗi yake yi da ita cewa kowane al’amari yana da ƙarshe, ba lissafi ba. Dutsen da kika cilla sama ya yi mita 10 ya dawo hannunki ya yi tafiyar mita 20 ba tare da ya gusa ba. Idan kuwa kika bar shi ya faɗi ƙasa, kamar yadda karin maganar ta ce, to ya gusa, amma ƙasa ya gusa, gwargwadon tazarar da ke tsakanin hannunki da ƙafarki.