W-2 ko 1099: Wanne Zan Karɓa a Aikin Tirela?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio a Amurka, ina da girin kad (izinin zama na dindindin), kuma wata biyu ke nan da samun lasisin CDL na tuƙin manyan motoci. Kamfanoni biyu sun neme ni. Na farko zai ɗauke ni ma'aikaci a kan W-2 (takardar harajin ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi), santi 60 kowane mil. Na biyu ƙaramin kamfani ne, zai ba ni santi 70 a kan 1099 (takardar harajin ɗan kwangila mai zaman kansa). Motarsu ce, su ke zuba mai, kuma sun ce ko sisi ba za su cire mini ba. Duk wata ina aika wa mahaifiyata kuɗi, ina kuma son ɗauko iyalina daga Kano. Raina ya fi kwanta wa na biyu. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanya albarka a lasisin, Ya tsare hanya.

Maganar nan ta “ko sisi ba za a cire ba” ita ce ta ja hankalinka, kuma ita ce ta fi damuna. Rashin cirewa ba yafiya ba ne. Harajin yana nan, an dai sauke maka shi ne a ka.

Mu yi lissafi da mil 100,000 a shekara. A W-2 dala 60,000 ke nan, a 1099 kuma 70,000. Ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 cikin ɗari na kuɗin Social Security da Medicare (fansho da inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati), kamfani ya biya masa ɗaya rabin, wato naka wajen dala 4,600. Ɗan kwangila shi ke ɗaukar duka biyun, kashi 15.3, wanda zai kusa 9,900. Ka ga fiye da rabin rarar dubu goman ya tafi tun ba a zo kan harajin kuɗin shiga ba. Kuma ba wanda zai tuna maka: kai za ka riƙa tura wa IRS, hukumar harajin Amurka, da kanka sau huɗu a shekara, 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Mu da waya ke biyo mu daga gida, yau rashin lafiya, gobe biki, jibi kuɗin makaranta, da wuya kuɗin da ke zaune a asusu ya kai Afrilu. Na ga wanda ya aika komai ya ɗora rufin gida, sai takardar bashin haraji ta iso da tara a kai.

Don adalci, 1099 na da nata amfani. Direban da ke kwana a hanya yana iya rage kashi 80 na kuɗin abincin da IRS ta ƙayyade, dala 80 a rana tun Oktoban 2024, alhali mai W-2 ya rasa irin wannan ragi tun 2018. Hakan na rage haraji sosai. Amma ka lura, kai da ke son ɗauko iyali: fom ɗin I-864, na alkawarin ɗaukar nauyin wanda za ka kawo, yana neman ka nuna samun da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, gwargwadon yawan mutanen gidanka, kuma takardun haraji ake dubawa. Duk abin da ka zaftare, ka zaftare shi ne daga samun da za ka nuna. Ranar neman zama ɗan ƙasa ma, fom ɗin N-400 zai tambaye ka ko ana bin ka haraji.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne jikinka. A ce cikin Janairu ne, ƙarfe biyar na asuba, ka sauko daga mota a wurin sauke lodi, ƙafarka ta zame a kan ƙanƙarar matakala, gwiwa ta goce. Mai W-2 inshorar raunin aiki ce za ta biya asibiti, ta kuma riƙa ba shi wani kaso na albashi har ya miƙe. Mai 1099 ba ya cikin wannan, sai in ya sayi tasa inshorar haɗari, wadda galibi ba ta kai waccan ba. In lodi ya yi ƙaranci aka ce ka zauna a gida, ba ka da kuɗin rashin aiki na jiha. Wata uku a kwance, wa zai aika wa Hajiya?

Sannan ka dubi aikin da kansa. Motarsu ce, su ke zaɓar lodi, su ke cewa tashi ko tsaya. To ina kwangilar take? Ɗan kwangila na gaskiya yana da motarsa, yana iya cewa wannan lodin bai yi mini ba, yana iya ɗaukar wa wani kaya gobe. IRS ba sunan da aka rubuta a takarda take dubawa ba, wanda ke juya aikin take dubawa, har tana da fom ɗin SS-8 na tantance haka. Abin da aka yi maka tayi aikin ma'aikaci ne da aka tuɓe wa kariya. Kuma kada ka ɗauka za ka cike giɓin da ƙarin gudu, domin dokar awa ɗaya ce ga kowa: tuƙin awa 11 cikin 14, hutun awa 10, awa 70 cikin kwana takwas.

Ni dai shawarata ka karɓi W-2, ka yi shekara ɗaya ko biyu kana koyon hanya da hannu mai tsabta. Kafin ka sa hannu, tambaye su yaushe inshorar lafiya ke farawa da nawa za a riƙa cirewa, ko suna biyan mil ɗin da aka yi ba kaya, da awannin jira a wurin lodi. In sun ce wani ɓangare na santi 60 ɗin kuɗin abinci ne marar haraji, ka san shi ma ba zai fito a matsayin albashi a W-2 ba, kuma hakan ya shafi I-864 ɗinka. Idan kuwa wani ya zo maka da tayin “karɓi mota ka riƙa biya daga albashi har ta zama taka”, kada ka sa hannu a ofishinsu. Ka ɗauko takardar, ka kai wa akanta ko lauya, a karanta maka abin da zai faru da kuɗin da ka zuba in ka bar kamfanin kafin ka gama biya.