Faifan ajiya ɗaya tsakanin Windows, Mac da Linux

Ka tambayi yadda za ku riƙa amfani da faifan ajiya ɗaya a ofishinku, inda ake da Windows da Mac da Linux, ba tare da fayiloli sun lalace ko sun faɗa hannun baƙo ba.

Shawarata ita ce a tsara faifan da exFAT, wanda ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren adana fayiloli a faifai kamar NTFS da FAT32, domin duka ukun suna karantawa da rubutawa a kansa, alhali Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutawa a kansa, shi kuwa FAT32 ba ya ɗaukar fayil mai gigabait 4 ko fiye. Sai dai exFAT ba ya riƙe rajistar abin da ake rubutawa, saboda haka wanda ya fizge kebul kafin kwamfuta ta saki faifan, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, yana iya yin asarar aikinsa.

A kula da sunaye kuma, domin Linux yana ɗaukar "Rahoto" da "rahoto" fayiloli biyu ne, amma a kan exFAT ɗaya yana iya danne ɗayan.

Game da kulle bayanai, na fi son manhajar VeraCrypt, wadda ake iya sakawa a duka ukun, a kan BitLocker, makullin bayanai na Windows, tunda Mac ba ya buɗe BitLocker da kansa.